Akwatin kallon saiwa: gilashin ya yi, littafin da saura

Kayan da nake magana a kansu saiti ne na koyar da saiwoyin tsirrai, irin wanda ake yi domin makarantu da iyayen da ke son 'ya'yansu su taɓa kimiyya da hannunsu. In ka buɗe kwalin za ka tarar da siririn akwatin shuka mai gilashi a fuska ɗaya, da baƙin murfi da ake zura wa gilashin, da curin zaren kwakwa da aka matse wanda ke kumbura in ya sha ruwa, da 'yar jakar takin zamani, da irin wake da masara da karas da farin lufin, wani tsiro dangin wake. Akwai kuma madubin ƙara girma, da faranti mai murfi na tsirar da iri, da guntayen saiwoyi da aka daskarar cikin roba mai haske, da gilasan maikroskof da aka riga aka ɗora wa yankakkun saiwoyi, sai ɗan littafin bayani. Ilimin halittu nake koyarwa, kuma na yi aiki da saitin nan a aji har na san ciki da bayansa. Ra'ayina a kansa ba shi da kwana-kwana: duk inda ya bar mutum ya ga saiwa mai rai tana aikinta, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Inda ya koma jera sunaye kuwa, bai fi allon aji da komai ba, a wani shafin ma ya koyar da abin da ba haka yake ba.

Ma'aunin da na auna shi da shi guda ne. Saiwa ba ta ɗaukar siffa haka kawai. Wadda ta kumbura, da wadda ta fito daga taɓo ta miƙe sama, da wadda ta sauko daga reshe, da wadda ta huda jikin wani tsiro, kowacce akwai matsalar da ta mai da ita haka: ko rashin iska, ko rashin ruwa, ko ƙasa marar zurfi, ko ƙarancin wani sinadari, ko wani lokaci mai wuya da ake tara wa guzuri. Yaron da ya haddace sunayen bai san matsalar ba, kafin jarrabawa ta zagayo ya manta. Wanda ya ga matsalar da idonsa kuwa, ko an kawo masa saiwar da bai taɓa gani ba, zai iya cewa ga abin da take fama da shi. Don haka tambayar da na riƙa yi wa kowane abu a kwalin ita ce: ya nuna matsalar tare da maganinta, ko maganin kaɗai ya ajiye a gabanka?

Akwatin shi ne jigon saitin, kuma wanda ya zana shi ya san aikinsa. An kafa gilashin a ɗan karkace, gindinsa ya shige ciki, don haka saiwar da ke neman ƙasa dole ta ci karo da shi ta bi jikinsa, ba ta da inda za ta ɓuya. Dabarar tsohuwa ce, tun a ƙarni na 19 masanin tsirrai na Jamus Julius von Sachs ya yi aiki da akwati mai gilashi irin wannan, amma har yanzu ba a samo wadda ta fi ta sauƙi ba. Wake na fara shukawa. Bayan ya tsaga ɓawonsa, farar saiwa ta fara gangarowa, ƙarshenta sumul yana sheƙi. Ɗan sama da ƙarshen kaɗan sai ga wani farin gashi ya lulluɓe ta zagaye, laushi gare shi, yana manne da gilashin, ɗigon raɓa na rataye a jikinsa. Da na ɗora madubi sai kowane sili ya fito daban, yana ratsa tsakanin zaren kwakwa yana neman danshi. Kowane silin nan ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta miƙe daga fatar saiwa. Ba ya daɗewa, cikin kwanaki ko 'yan makonni ya mutu, amma saiwar na ƙara gaba tana fitar da sabo. Da alƙalamin maka muka riƙa sa alama a gilashin, kowa ya ga yadda yankin gashin ke bin ƙarshen saiwa yana sauka. A nan ɗalibai suka gane da kansu abin da ke sa dashe ya yi yaushi in an tumɓuke shi da ƙarfi: gashin ne ya tsinke, shi ne kuwa mai shan ruwan.

Littafin ya ba gashin saiwa layi biyu kacal, ni na cike sauran. A 1937 wani masani a Iowa ta Amurka, Howard Dittmer, ya shuka tsiro ɗaya na wani hatsi dangin alkama da ake kira rayi a cikin akwati, bayan wata huɗu ya wanke ƙasar ya zauna lissafi. Ya samu saiwoyi kusan miliyan 14, tsawonsu in an haɗa ya haura kilomita 600, gashin da ke jikinsu kuma ya kai kimanin biliyan 14. Tsiro ɗaya ke nan. In ka faɗi wannan adadi a gaban allo, yara za su rubuta su wuce. In ka faɗe shi suna leƙen farin gashin nan ta madubi, sai ka ga aji ya yi tsit.

Farantin tsirar da iri ma ya yi amfani fiye da yadda na zata. Ka shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda, ka jera ƙwayoyin masara, ka tsayar da farantin a gefensa. In saiwoyin sun miƙe ƙasa sai ka juya shi, su koma a kwance. Cikin 'yan sa'o'i ƙarshensu zai fara lanƙwasowa ƙasa. Sai ka ɗauki reza ka yanke ɗan tsinin ƙarshen wata, abin da bai fi milimita ɗaya ba, ka sake juyawa. Ita wannan za ta ci gaba da tafiya a kwance, ba ta san ina ne ƙasa ba. A cikin 'yar hular da ke kan tsinin akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da gudajin sitaci masu nauyi, su ne ke zama a ɓangaren da ke ƙasa, daga nan saƙo ya tafi sama, ɓarin da ke ƙasa ya rage girma, na sama ya ci gaba, saiwa ta lanƙwasa. Charles Darwin da ɗansa Francis sun wallafa gwaje-gwaje irin wannan a 1880. Littafin saitin ya bayyana matakan sarai, har da gargaɗin cewa babba ne zai riƙe rezar, kuma wannan shafi shi ne mafi kyau a cikinsa.

Akwatin yana da aibunsa. Baƙin murfin bai rufe gefe da gefe sosai ba, haske na shiga, ba a jima ba gansakuka ta fara kore gilashin daga kusurwa, sai da na liƙe gefen da baƙin tef. Ramukan tsiyayar ruwa ƙanana ne, zaren kwakwa na toshe su. Gilashin kuma na roba ne, yashi kaɗan ya goge shi sai ya bar zane. Mafi girma shi ne rashin zurfi. Karas ya fara kyau, uwar saiwar ta sauka tsaye, kafaɗarta ta fara kauri tana yin ja, amma da ta kai gindin akwatin sai ta naɗe ta rabu biyu. Ana dai ganin yadda kumburin ke farowa daga sama, wannan ya isa darasi, sai dai wanda ke son ganin cikakken karas ya nemi tukunya mai zurfi.

A kan saiwoyin ajiya ne littafin ya ɓata mini rai. Ya jera karas da rogo da dankalin Hausa, duk daidai, sai kuma ya saka dankalin turawa da citta a cikinsu. Waɗannan biyun ba saiwa ba ne, kara ne da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa. Idanun da ke jikin dankalin turawa toho ne, a jere suke bisa tsari irin na ganye a jikin kara, kuma kowane ido akwai tabon ɗan ganye a ƙarƙashinsa. Citta kuwa gaɓoɓinta a fili suke. Saiwa ba ta da gaɓa, ba ta da ganye. Dankalin Hausa yana iya fitar da toho, gaskiya ne, amma ba shi da idanu a jere, rogo kuma in ka binne saiwarsa ruɓewa za ta yi, shi ya sa da kara ake dasa shi. Kuskure irin wannan a kayan koyarwa ba ƙarami ba ne, domin yaro ya fi yarda da abin da ya gani a buge a kan abin da malami ya faɗa da baki. Bayan haka littafin bai ce uffan ba a kan dalilin ajiyar. Karas tsiro ne mai shekara biyu. A shekarar farko ganye yake yi yana tura sukari ƙasa, ya wuce lokacin sanyi a kwance, a shekara ta biyu ya cinye ajiyar ya yi fure da iri, saiwar ta koma busasshiya mai zare. Mu muna tumɓuke shi ne a tsakiyar shirinsa. In ba a faɗi wannan ba, yaro zai ɗauka karas ya kumbura ne domin mutum.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar ƙulle-ƙullen da ke fitowa a saiwar wake. Littafin ya yi alkawarin za a gan su a jikin gilashin. Waken da aka shuka bisa umarninsa, cikin zaren kwakwa tsantsa da takin da ke kwalin, ya yi ganye kore shar, saiwarsa fes, ko ƙulli ɗaya babu. Dalili biyu ne. Zaren an tsabtace shi, babu bakteriyar da ke yin ƙullin a ciki, ba a kuma shafa wa irin ba. Na biyu, takin cike yake da naitirojin, wake kuwa in ya samu naitirojin a sauƙaƙe ba ya wahalar da kansa wajen karɓar baƙi, domin ciyar da bakteriyar sukari yake ci masa. Da na sake shuka, na cuɗa tafin hannu ɗaya na ƙasar da aka taɓa noma wake a cikinta, na ajiye takin gefe. Da farko tsiron ya ɗan yi rawaya, sai ga ƙananan ƙuraje sun fara ɓullowa a jikin saiwoyin gefe, suna girma har suka kai ƙwayar barkono, ganyen kuma ya dawo kore. Na ciro ɗaya na tsaga shi da farce a ƙarƙashin madubi. Cikinsa ja-ja ne, jiƙe, launin ɗanyen nama. Jan nan wani furotin ne ɗan uwan wanda ke cikin jininmu, aikinsa kama iskar oksijin. Sinadarin da bakteriyar ke karya naitirojin ɗin iska da shi lalacewa yake in oksijin ya taɓa shi, ita kuma bakteriyar sai da oksijin take numfashi, to furotin ɗin ne ke riƙe shi yana miƙa mata kaɗan-kaɗan. Ƙullin da ya daina aiki kore ko toka-toka za ka same shi.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya cin sa kai tsaye, wannan ita ce matsalar da ƙullin ya zo warwarewa. Abin da ya faru a akwatin nan kusan shi ne gwajin da Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth suka sanar a Jamus a 1886: sun shuka dangin wake a yashin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, bai yi ƙulli ba, ya tsumbure, da suka zuba masa ruwan ƙasar gona sai ya yi ƙulli ya miƙe. A 1888 Martinus Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar ita kaɗai. Da masu saitin sun raba akwatin gida biyu suka ce a sa ƙasa a ɗaya a bar ɗaya, da sun ba yara wannan gwaji sukutum. Maimakon haka sun bar malami da aji suna jiran abin da ba zai zo ba.

Jakar takin nan ita ce kuma ke ɓata darasin lufin, alhali saka irin farin lufin a kwalin shi ne tunani mafi kyau da masu saitin suka yi. Tsiron, wanda asalinsa yankin Bahar Rum ne, in ya rasa fosforas sai ya fitar da wasu gungu-gungu a jikin saiwarsa: ɗaruruwan gajerun saiwoyi cunkushe a wuri ɗaya, kowacce lulluɓe da gashi. Gungun na zubar da tsami, irin wanda ke cikin lemon tsami, cikin ɗan ƙaramin wuri, tsamin ya kwance fosforas ɗin da ya maƙale a jikin ƙarfe ko alli na ƙasa, saiwar ta shanye. Bayan 'yan kwanaki gungun ya gama aikinsa, wani ya fito a gaba. Helen Purnell ce ta bayyana irin wannan saiwa a 1960 a jikin itatuwan dangin Proteaceae na Ostireliya, inda ƙasa ta tsufa ruwa ya wanke ta. In ka zuba takin kamar yadda littafin ya ce, lufin zai ƙoshi, ba zai yi gungun ba. In ka bar shi da yunwa a zaren kwakwa tsantsa, za ka gan su fari tas a jikin gilashi. Nan kam matsala da maganinta suna gabanka a tare, abin da nake nema ke nan.

Masara ta fi ƙarfin akwatin da wuri, sai da ta koma tukunya kafin ta fitar da saiwoyin tokara daga gaɓoɓinta na ƙasa, masu kauri, suna gangarowa zagaye su cake ƙasa su riƙe kara kada iska ta kayar. Ƙarshensu yakan yi yauƙi kafin su taɓa ƙasa. A yankin Sierra Mixe na jihar Oaxaca a Meziko akwai wata doguwar masara da ke fitar da irin waɗannan saiwoyi a gaɓoɓi da yawa har sama, suna zubar da yauƙi mai kauri, kuma binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna bakteriya masu kama naitirojin na zaune a cikin yauƙin suna ciyar da ita.

Sai guntayen da aka daskarar a roba. Kyau kam suna da shi, ba sa karyewa, ana iya zagaya aji da su hannu zuwa hannu. Amma saiwar da aka yanke daga mazauninta rabin labari ce. Na itacen mangurof ya fi nuna haka. Wani ɗan tsinke ne mai kaurin fensir, an rubuta masa Avicennia da cewa saiwar numfashi ce, shi ke nan. Ba a ce tana tsaye ne a taɓon bakin teku da ruwan gishiri ke rufewa yana janyewa kullum ba, ba a ce oksijin na tafiya a ruwa a hankali sau kusan 10,000 fiye da a iska ba, har taɓon ya zama babu abin shaƙa a cikinsa. Itacen na shimfiɗa saiwoyi a kwance ƙarƙashin taɓo, daga jikinsu dubban tsinkayen nan ke fitowa sama. A fatarsu akwai ƙananan ƙofofi, cikinsu kuma hanyoyin iska ne har zuwa saiwar da ke binne. A 1955 Per Scholander da abokan aikinsa sun shafe ƙofofin da maiƙo, oksijin da ke cikin saiwoyin ƙasa ya faɗi warwas. A samfurin da ke kwalin, robar ta cike ƙofofin, da ƙyar ake gane su ko da madubi. Wani nau'in mangurof ɗin, Rhizophora, mai saiwoyi masu lanƙwasowa daga kututture suna tokare itacen a laka, wanda kuma ke tace mafi yawan gishirin tun a bakin saiwa, hoto kawai aka sa masa. Abin da na yi don cike giɓin shi ne shuka wake a kofi biyu, na cika ɗaya da ruwa har ya kwanta a sama. Saiwarsa ta yi ruwan kasa, ta fara wari, ganye ya yi rawaya ga ruwa har wuya. Sai bayan nan na miƙa musu tsinken mangurof, na kuma nuna musu taswirar Sundarbans, dajin mangurof da ya ratsa Indiya da Bangaladash. Tambayoyin da suka biyo baya sun sha bamban da na farko.

Saiwar furen okid ita ma robar ta kashe ta, ta koma rawaya-rawaya ba fasali. Shawarata ga duk wanda ya sayi saitin, ya nemo okid mai rai guda ɗaya, irin wanda ake sayarwa a tukunya mai haske. Saiwarsa mai kauri ce, launin azurfa in ta bushe. Ka ɗiga mata ruwa, nan take, kana kallo, za ta rikiɗe ta koma kore. Fatar waje matattun ƙwayoyin halitta ne a jere hawa-hawa, fanko, suna shan ruwa kamar soso. In suna cike da iska fari suke nunawa, in ruwa ya cika su sai su yi haske, koren da ke ƙarƙashi ya bayyana. Tsiron a kan reshen itace yake rayuwa, ba ƙasa, ruwan sama na zuwa ya wuce cikin mintoci, dole ya kama shi a lokacin ya kuma hana shi tsanewa. Koren kuwa na aiki ne, saiwar tana haɗa abinci da hasken rana. Akwai ma okid a Fulorida da Kyuba, Dendrophylax lindenii, da ba shi da ganye sam, saiwoyinsa da ke manne a ɓawon itace su ke yin komai.

Manyan itatuwa ba yadda za a sa su a kwali, don haka ban ga laifin hotuna ba, kuma hotunan sun fito. Akwai rimi da faffaɗan katangun da ke gindinsa, waɗanda ke riƙe dogon itace a dajin da abincin ƙasa ke sama-sama, saiwa ba ta da dalilin nutsawa. Akwai baniyan, ɗan uwan cediya, mai sauko da saiwa daga reshe har ta taɓa ƙasa ta yi kauri ta zama ginshiƙi. Wanda ke lambun tsirrai na Howrah kusa da Kolkata ya haura shekara 250, an cire asalin kututturensa a 1925 bayan ya ruɓe, amma itacen na nan a raye bisa saiwoyi fiye da 3,000. A Meghalaya, arewa maso gabashin Indiya, mutanen Khasi na jan saiwoyin wani ɓaure, Ficus elastica, su tsallakar da su rafi, shekaru na tafiya suna kauri suna haɗewa har su zama gadar da ake takawa. Shafin hamada kuma ya haɗa abu biyu da suka dace a haɗa: kaktus mai shimfiɗa saiwa dab da saman ƙasa don ya kama yayyafi, da itacen Boscia albitrunca da aka samu saiwarsa a zurfin mita 68 a Kalahari. Fari ɗaya, mafita biyu.

Samfuri biyu ne robar ba ta rage musu komai ba. Ɗaya saiwar wani fure ce mai albasa a gindi, duk ta yamutse zobe-zobe, domin gajarcewa take yi tana jan albasar ƙasa zuwa zurfin da sanyi ko zafi ba zai same ta ba. Ɗayan reshe ne da aka tsaga tsaye tare da kaucin da ke kansa. Ana ganin yadda saiwar kaucin ta kutsa cikin itacen ta haɗe da hanyoyin ruwansa, launinsu daban, iyakar a fili, reshen kuma ya kumbura a wurin. Wannan kam ba ya buƙatar dogon bayani. Da shi na shiga maganar wuta-wuta, wadda littafin ya ambata a layi ɗaya. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ba su da guzurin da zai kai su ko'ina, don haka suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma har sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da sun ji sai su tsiro su manne mata, kuma kafin furen ya leƙo sama an riga an yi ɓarnar a ƙasa. A 1966 aka fara ware sinadarin, daga saiwar auduga.

Me zai sa tsiro ya riƙa fitar da abin da ke kiran maƙiyinsa? Amsar tana cikin babin da littafin ya tsallake gaba ɗaya, kuma wannan giɓi ya fi kuskuren dankali girma a wurina. A 2005 masana a Japan suka nuna cewa da wannan sinadari saiwa ke kiran wani naman gwari na ƙasa, abokin zamanta. Zaren naman gwarin ya fi gashin saiwa siranta da nisan tafiya, yana shiga cikin saiwa, ya kawo mata fosforas da ruwa, ita ta ba shi sukari. Wuta-wuta saƙon wani take saurara. Albert Bernhard Frank ne ya raɗa wa wannan zama suna a 1885, kimanin kashi 80 cikin ɗari na tsirran doron ƙasa suna yin sa, kuma an ga alamarsa a burbushin tsirran Rhynie na Sikotlan da suka haura shekara miliyan 400. Lufin na cikin 'yan tsirarun da ba sa yin sa, gungun saiwarsa ne ke tsaya masa a madadin. Saitin da ya saka lufin a kwali bai kamata ya bar wannan magana ba.

Gilasan maikroskof an yanka su da kyau, rinin ya kama. A na shinkafa ana ganin manyan ramukan iska zagaye, amsar da ta ba wa kwanciyar ruwa, kuma yana da kyau a nuna shi rana ɗaya da mangurof. A wani kuma ana ganin zoben ƙwayoyin halitta da ke kewaye tsakiyar saiwa, da ɗamarar da ke hana ruwa wucewa ta tsakaninsu sai ta cikinsu, wadda Robert Caspary ya bayyana a 1865. A nan ne tsiro ke tantance abin da zai shiga jikinsa. Sai dai babu maikroskof a saitin, kwalin kuma bai faɗi haka a inda mai saye zai gani ba. Madubin hannun ba zai nuna komai a gilasan ba. Iyayen da ba su da na'urar a gida su san cewa wannan ɓangare zai zauna a kwali.

Yaron firamare zai ji daɗin akwatin da farantin in akwai babba a kusa. Sauran kayan sun fi dacewa da 'yan sakandare, da sharaɗin malami ya karanta littafin tukuna ya gyara shafin saiwoyin ajiya da biro kafin ya shiga hannun ɗalibai. Irin da ke kwalin na shuka biyu ne ko uku, amma wake da masara ba su da wuyar samu, lufin ne sai an nema. Tsakanin shuka da shuka a zubar da abin da ke ciki, a wanke gilashin da ruwan sabulu da tsumma mai laushi, kada a kankare shi, a kuma faɗaɗa ramukan ƙasan da ƙusa mai zafi tun kafin shukar farko. Wanda zai yi gwajin ƙullin wake ya fara yin na lufin, domin da zarar ƙasar gona ta shiga akwatin, sai an yi masa wanki sosai kafin ya sake zama fanko daga fosforas.